Ni AS, ita ma AS: wanne ne miƙa wuya ga nufin Allah?

"Baba Fasto, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Shekara uku ke nan ina neman wata yarinya a ikkilisiyarmu, iyaye sun sani, har an kai gaisuwa. Da muka je gwajin jinin da kwamitin aure ya ce mu yi, sai aka ce ni AS ne, ita ma AS. Mahaifiyata ta ce Allah ya nuna mana ba nufinsa ba ne, mu haƙura mu rabu. Wani ɗan'uwa a ƙungiyar addu'armu kuma ya ce rabuwa rashin bangaskiya ne, in dai mun miƙa kanmu ga Allah ba zai ba mu mai sikila ba. Kowannensu cewa yake in miƙa wuya ga nufin Allah. To wanne ne miƙa wuyan? Na yi azumi kwana bakwai, ban ji komai ba."

Ɗana, salamar Ubangiji ta kasance tare da kai. Sannu da wannan nauyi. Na daɗe ina zama da masu shirin aure, kuma wasiƙarka ta sha zuwa gabana da ƙafafunta, saurayi a kujera ɗaya, budurwa a ɗaya, takarda biyu a kan tebur, kowa ya sunkuyar da kai. Abin da ya ɗaure ka shi ne mutum biyu masu ƙaunarka sun ɗauki kalma ɗaya, ɗaya ya nuna maka gabas da ita, ɗaya ya nuna yamma. Mama ta mai da sakamakon gwaji muryar Allah. Ɗan'uwanka ya mai da addu'a takardar lamuni. Kai kuma kana tsakiya kana jira a faɗa maka wanda ya yi gaskiya. A ganina kowannensu ya riƙe wani yanki na gaskiya ya saki babban yankin, kuma zan faɗa maka dalilina.

Abin da takardar ta ce

Kafin mu buɗe Littafi Mai Tsarki, mu fara fahimtar takardar, don na ga mutane suna kuka ko suna murna a kan abin da ba su gane ba. Wannan gwaji dabam yake da na rukunin jini, wato O da A da B. Mai AS lafiyarsa ƙalau, sai dai yana ɗauke da ƙwayar sikila guda ɗaya da ya gada daga uwa ko uba. A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu haka yake, shi ya sa haɗuwar AS da AS ba baƙon abu ba ne, kuma ƙasarmu ce ta fi kowace ƙasa yawan haihuwar masu amosanin jini, wato ciwon sikila.

Ka ɗauki ƙwarya ka zuba wake huɗu, uku farare, ɗaya baƙi. Duk cikin da matarka za ta ɗauka, kamar an sa hannu ne an zaro ɗaya ba tare da an duba ba, sa'an nan a mayar da shi cikin ƙwaryar. Baƙin shi ne SS, wato ɗan da ya gaji ƙwayar daga uwa da uba duka, mai ciwon sikila. Mayarwar nan ita ce mutane ba sa ganewa. Na sha jin ana cewa "ai na huɗu ne ke fitowa da ciwon, sai mu tsaya a uku". Babu wannan magana. Ɗan fari yana iya zuwa da shi, uku a jere suna iya zuwa da shi, ana kuma iya haifan biyar babu ko ɗaya. In ka buga lissafin, ma'aurata irinku da suka haifi yara huɗu, wajen biyu cikin uku za su sami aƙalla ɗa ɗaya mai SS.

Shawara ta farko mai sauƙi ce: ku sake gwajin a wani babban asibiti dabam. Ɗakunan gwaji suna kuskure, na ga wanda aka ce masa AA tun yana makaranta, sai bayan haihuwa gaskiya ta fito. Kada kuma ka je wurin da za a rubuta maka abin da kake so. Akwai masu yin haka don su wuce kwamiti, kuma ƙarya ba ta taɓa zama hanyar shiga nufin Allah ba.

Abin da ke ɓoye da abin da aka bayyana

Idan Kirista ya ce "nufin Allah", abu biyu yake iya nufi, kuma rikicinka daga gauraya su ya fito. Musa ya raba su a Maimaitawar Shari'a 29:29, inda ya ce asirtattun abubuwa na Ubangiji Allahnmu ne, waɗanda aka bayyana kuwa namu ne da 'ya'yanmu, domin mu aikata. Akwai nufin da Allah ya faɗa a fili: ku zauna da tsarki (1 Tasalonikawa 4:3), ku yi gaskiya, ku ƙaunaci jinƙai, ku bi Allah da tawali'u (Mika 6:8), ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka. Wannan ba ya bukatar azumi kafin a san shi. Akwai kuma abin da Allah ya shirya zai faru gobe, wanda bai buɗe wa kowa ba: yara nawa, wane irin jini, kwana nawa. Ga na farko, miƙa wuya biyayya ce. Ga na biyu, miƙa wuya shi ne ka karɓi abin da ya zo daga hannun Uba ba tare da ka juya masa baya ba.

Yawancinmu mun juya abin. Muna kwana muna neman Allah ya leƙa mana na ɓoye, mafarki, alama, annabci a kan dutsen addu'a, alhali na bayyane yana ajiye a gefe. Kwana bakwai ɗin da ka yi, ina zaton abin da kake jira ke nan, murya ta ce "aure ta" ko "bar ta". Ban raina azuminka ba. Amma Bulus da ya zo kan zaɓen abokin aure a 1 Korantiyawa 7:39, cewa ya yi macen da mijinta ya rasu tana da 'yancin auren wanda ta ga dama, muddin dai cikin Ubangiji ne. Ka ga an kafa shinge, an kuma bar fili a ciki. Cikin filin nan Allah ya ba ka hankali, da shawarar manya, da ilimin likita, da addu'ar neman hikima wadda Yakubu 1:5 ya ce ba a hana mai roƙo. Shirun da ka ji ba fushi ba ne. Uba ne yake ɗaukar ka a matsayin babban mutum da zai yanke shawara ya kuma ɗauki nauyinta.

Maganar ɗan'uwanka

A nan zan daɗe, domin maganarsa ta fi kama da ta ruhaniya, ta kuma fi haɗari. Ya ce in kun miƙa kanku, Allah ba zai ba ku mai sikila ba. Ka tambaye shi a ina Allah ya yi wannan alkawari. Babu. Abin da ya yi shi ne ya yanka wa Allah abin da zai yi, ya kira shi bangaskiya. Mutumin da ya ce "na miƙa wuya, saboda haka dole a ba ni kaza", ciniki yake yi, wuyansa yana nan a miƙe.

Ka tuna jaraba ta biyu a Matiyu sura 4. Iblis ya kai Yesu kan ƙololuwar Haikali, ya ce ya diro, har ya jawo masa Zabura 91, cewa mala'iku za su tallafe shi. Aya ce ta gaske, daga bakin maƙaryaci. Yesu ya amsa da cewa kada ka gwada Ubangiji Allahnka. Gwada Allah shi ne ka jefa kanka cikin haɗarin da ka gani da idonka, sa'an nan ka ce mutuncin Allah ya rataya a kan ya cece ka. Karin Magana 22:3 ta ce mai hankali yakan hango masifa ya ɓuya, marasa tunani sukan kutsa kai su sha wuya. Ayar tana cikin Littafin da ya ce mu dogara ga Ubangiji da dukan zuciya, ba kuwa saɓani a tsakaninsu.

Bangaskiyar da nake so ka auna kanka da ita tana Daniyel sura 3. Shadrak da Meshak da Abed-nego suka ce wa Nebukadnezzar Allahnmu yana da ikon cetonmu daga tanderun wuta. Ba su tsaya nan ba, suka ƙara da cewa ko da bai cece mu ba, ba za mu yi wa gunkinka sujada ba. Wannan "ko da bai" ita ce babu a maganar ɗan'uwanka. Duk bangaskiyar da ba ta iya furta ta, ranar da yaro ya kwana yana ihun ciwon ƙashi za ta rushe, ta bar mutum yana zargin Allah da karya alkawarin da bai taɓa yi ba, ko kuma yana zargin matarsa da ƙarancin bangaskiya. Na biyun ya fi yawa.

Ina faɗar wannan da kunya, don ni ma na taɓa zama ɗan'uwan nan. A farkon hidimata, a wata ƙaramar ikkilisiya ta ƙauye, wasu matasa suka zo mini da irin takardarku. Jinina yana tafasa a lokacin, na ce musu rahoton likita ba ya gaban rahoton Allah. Na ɗaura auren. 'Yarsu ta biyu ta zo da SS. Na sha raka su asibiti da dare a kan babur, na ga yadda uban ke zagaya neman wanda zai ba da jini, na ga akuyoyi sun ƙare ɗaya bayan ɗaya. Ni na tsaya a bakin kabarinta tana da shekara bakwai. Uwar ba ta taɓa ce mini komai ba, har yau in mun haɗu sai ta durƙusa ta gaishe ni, kuma wannan gaisuwa ta fi mini zagi ciwo. Laifina ba ɗaura auren ba ne. Laifina shi ne na ba su tabbacin da Allah bai aiko ni da shi ba, na hana su zama su ƙidaya kuɗin ginin kafin su sa harsashi, kamar yadda Yesu ya ce a Luka 14:28.

Ka kuma lura da wani abu. Ƙoƙon wahalar da Yesu ya karɓa a Getsamani, shi ya sha da kansa. A nan kuwa, wanda zai fi shan ƙoƙon ba ya wurin da ake shawarar, ba a ma haife shi ba. Bayansa sai uwarsa, wadda ita ce za ta kwana a kan benci a asibiti. Yana da sauƙi namiji ya yi jarumtar bangaskiya da jikin wani.

Tarihin bishara a ƙasar nan ma ya koya mana wannan. A 1893 samari uku suka sauka Legas da niyyar kawo bishara ƙasar Sudan, wato yankin da ya haɗa da Arewacin Najeriya na yau, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. A 1894 biyu suka mutu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Bingham ya koma gida da ciwo, ya sake dawowa, aikin bai kafu ba sai a yunƙuri na uku, a Patigi. Daga wannan aiki ECWA ta fito. Waɗanda suka biyo baya sun zo da addu'a, sun kuma riƙa shan kwinin saboda zazzaɓi, wannan kuwa ba kasawa a bangaskiya ba ce. Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, babban mai fassara shi likita ne, Walter Miller na Zariya. Waɗanda suka kawo mana ayar "a aikata nufinka" da Hausa, su ne suka buɗe ɗakunan shan magani. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da maganar ɗaure raƙumi kafin a ce an dogara ga Allah, kuma a 2024 jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, har da na sikila.

Maganar Mama

Mama ta fi kusa da hikima, wataƙila ta taɓa ganin ciwon a dangi. Amma ta zarce da ta ce gwajin ya nuna Allah bai yarda ba. Gwaji ya nuna haɗari, bai kawo hukunci daga Sama ba. Babu ayar da ta haramta auren AS da AS, don haka ba zan kira shi zunubi ba. In muka ce Allah ya hana, me za mu ce wa iyayenmu da suka yi aure tun ba a san gwajin ba? Me za mu ce wa yarinyar da ke ƙungiyar mawaƙa, mai SS, wadda ke jin mu? Ita kuskure ce? Almajirai sun tambayi Yesu a kan wanda aka haifa makaho, wa ya yi zunubi, shi ko iyayensa, ya ce ba ko ɗaya (Yahaya 9:3). Ina da masu sikila a ikkilisiya da suka yi karatu, suka yi aure, suna koyar da Lahadi. Da kulawa, shan ruwa sosai, rigakafin zazzaɓin sauro, maganin ƙarin jini, da magungunan da likitoci ke bayarwa yanzu don rage tashin ciwon, da yawa suna kai shekarun da a da ba a zato.

Akwai kuma kalmar "haƙura". Mu Hausawa muna da haƙuri iri biyu. Akwai na wanda ya ga ba yadda zai yi, ya haɗiye, ya yi shiru, zuciya tana ci da wuta. Wannan ba shi Yesu ya yi a Getsamani ba. Ya faɗi rubda ciki, ya ce ransa yana shan wahala har kamar ya mutu, ya roƙa sau uku a ɗauke masa ƙoƙon. Sai da ya faɗi abin da yake so a fili, sa'an nan ya ce ba nufina ba, naka za a bi. Bulus ma sau uku ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa, aka ce masa alherina ya ishe ka. Wanda bai taɓa gaya wa Allah "ina son yarinyar nan, ba na son rabuwa da ita" ba, me zai miƙa? In ka rabu da ita don kawai Mama ta matsa, ka shiga wani aure da gunaguni, kana ganin Allah ya ƙwace maka, to ka bi Mama, amma da sauranka a wurin Allah.

Ka ga ke nan ana iya yin auren cikin tawaye, ana iya rabuwa cikin tawaye. Ana kuma iya yin kowannensu da zuciyar da ta sallama.

Hanyoyin da ke gabanku, da nawa ra'ayin

Kuna iya rabuwa. Kuna iya yin aure da ido buɗe, kun yarda da duk abin da ya fito daga ƙwaryar. Kuna iya yin aure ku yanke ba za ku haihu ba, ku ɗauki riƙon marayu. Wannan hanya ce mai daraja, sai dai ka san dangi, shekara biyu ba za a yi ba za a fara tambaya, kuma kan matar za a sauke. Akwai gwajin ɗan tayi tun yana ciki, amma ka tambayi kanka me za ku yi in an ce SS ne, domin ƙofar da ke bayan wannan gwaji zubar da ciki ce, ni kuwa ba zan raka ku can ba. Akwai haɗa ƙwai a asibiti a zaɓi marar ciwon kafin a dasa, ana yi a manyan birane, kuɗinsa miliyoyi ne, yana kuma da tasa tambayar a kan sauran 'yan tayin da ba a dasa ba. Dashen ɓargo yana warkar da wasu, amma tsadarsa da haɗarinsa sun sa ba abin da talaka zai gina aure a kansa ba ne.

In ka tambaye ni, yawancin waɗanda suka zo mini a matakin da kuke, ba a ɗaura ba, ba ciki, shawarar rabuwa nake ba su. Dalilina ƙaunar maƙwabci ne, maƙwabcin da ya fi kowa kusa, wato ɗan da za ku haifa. Zafin rabuwa yana da tsanani, amma na ga yana warkewa. Na ɗaura wa irin waɗannan aure da wasu daga baya, har suna gaisawa a harabar majami'a da yaransu. Duk da haka akwai waɗanda suka saurare ni sarai, suka je suka dawo suka ce za su yi. Ban kore su ba. Wasu ikkilisiyoyi ba sa ɗaura irin wannan aure sam, ka bincika dokar taku tun yanzu, kada ka kewaye ta da dabara. Ni dai abin da nake sa su yi kafin in sa hannu shi ne su je asibitin masu sikila ranar ganin likita, su wuni, su zauna da iyayen yaran, su tambaye su kuɗin da ke fita a wata da yawan kwanan asibiti a shekara. Gani ya kori ji. Bayan haka sai in tambayi kowannensu shi kaɗai, ɗayan yana waje: in yara biyu suka zo da SS, za ka ci gaba da kiran Allah Uba? Za ka ɗora wa matarka? Aikinka zai ɗauki wannan? Wasu a nan suke fashewa da kuka su ce ba za su iya ba. Ban ɗauki wannan a matsayin faɗuwa ba, gaskiya suka faɗa a gaban Allah. Wasu kuma sukan ce sun yarda, da murya a kwance, ba ta masu cika baki ba. Waɗannan nakan yi musu addu'a da dukan zuciyata, in kuma roƙi Allah ya ba su masu lafiya, don roƙo ba laifi ba ne. Nehemiya ya yi addu'a ya kuma sa masu tsaro dare da rana, haka su ma nake ce musu a gwada kowane jariri da wuri, kada a jira sai ciwo ya nuna kansa.

Iyakata ke nan, ɗana. Ni ba likita ba ne, bayanin jini da magani ka nemi cikakkensa wurin likitan jini, ku je tare. Ba ni kuma da ikon ce maka "in ji Ubangiji" a kan wannan, kuma duk wanda ya ce maka haka, ko da wane irin suna yake da shi, ka nemi ya nuna maka a rubuce. Fastonka da dattawan da suka san ku sun fi ni ganin abin da wasiƙa ba ta ɗauka.

Abu ɗaya ya dame ni a wasiƙarka. Na ji ta bakin Mama, na ji ta ɗan'uwa, na ji naka azumin, ban ji ko kalma ɗaya daga yarinyar ba. Ita ma an miƙa mata takarda ranar nan. Wataƙila tana tsoron ta ce a rabu ka ce ba ta ƙaunarka, ko ta ce a yi danginka su ce ta nace. Kafin ka koma wurin Mama, je ka same ta a gidansu, ka tambaye ta abin da take so da abin da take tsoro, ka yi shiru har ta gama. Ku karanta Matiyu 26:36-46 tare. In kun sake gwajin, ka rubuto mini abin da ya fito, da abin da ta ce. Ka gaishe ta.